Zanen Filla-Filla: Taswirar Da Ke Nuna Yadda Aka Haɗa Waya Da Yadda Za A Kwance Ta

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon ƙaddamar da sabuwar waya ya ga irin wannan: wayar na tsaye a sarari, sai ta fara buɗewa a hankali. Gilashi ya matso gaba, sikirin ya biyo shi, batir ya tsaya a tsakiya, kyamara ta rabu zobe-zobe, murfin baya ya ja can ƙarshe. Bayan daƙiƙa kaɗan kuma kowane ya koma mazauninsa. Yawancin masu kallo kwalliyar talla suke ɗaukar abin. Alhali kuwa kayan aiki ne na injiniyoyi da makanikai, wanda ya girmi wayar salula da shekaru sama da 500.

Turawa suna kiran wannan zane da wani suna mai nufin "abin da ya fashe", don ya yi kama da na'urar da wani abu ya tashi a cikinta, aka ɗauki hotonta kafin sassan su zube ƙasa. A Hausa ana iya ce masa zanen filla-filla. Amfaninsa ɗaya ne tak: ya nuna kowane sashe na na'ura, da wurin zamansa, da wanda yake bi wa. Wanda ya iya karanta shi ya san abin da ke cikin wayarsa tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Bambancin da bai wuce kaurin takarda ba

Misali guda zai nuna nauyin maganar. A cikin iPhone 5s, wadda ta fito a 2013, akwai wani ɗan faranti na ƙarfe da ke danne wayoyin sikirin. Noti huɗu ne ke riƙe da shi: biyu tsawonsu milimita 1.7, ɗaya 1.3, ɗaya kuma 1.2. A ido kusan duk ɗaya suke, domin tsakanin 1.2 da 1.3 bai wuce kaurin takardar rubutu ba. Amma idan aka ɗaura mai tsawo a ramin gajeren, sai tsininsa ya nutsa cikin allon injin wayar, wanda masu gyara ke kira bod, ya yanke siraran hanyoyin lantarki da ke binne a ciki. Wayar da aka kawo don canjin gilashi kawai sai ta ƙi tashi. Jagorar gyara ta shafin iFixit ta yi gargaɗi a kan wannan mataki ƙarara.

Mai gyaran da ya zube notin nan huɗu wuri ɗaya a kan tebur, ƙwaƙwalwarsa kaɗai ya dogara da ita. Wanda ke da zane a gabansa kuwa yana ganin kowane noti da ramin da ya fito.

Yadda ake karanta shi

Abu huɗu ne ke cikin kowane zanen filla-filla na ƙwarai.

Na farko, layin tsakiya. Siriri ne, yawanci a tsittsinke, dogon zare sai ɗan gajere, ya ratsa ta tsakiyar sassan. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a tuna tsinken tsire. Idan aka jajja yankokin naman aka bar tazara a tsakaninsu ba tare da an zare su ba, kowane yanka na nan a kan tsinkensa, kuma an san wanda ke gaba da wanda ke baya. Haka layin yake: shi ne hanyar da sashe zai bi ya koma gurbinsa. In babu isasshen fili a takarda, mai zane kan lanƙwasa layin ya kai sashen gefe, sai a bi lanƙwasar da ido har inda ta ƙare.

Na biyu, jeri. Sashen da ya fi nisa da tsakiyar zanen shi ne yawanci ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Wanda zai kwance ya karanta daga waje zuwa ciki, wanda zai haɗa ya karanta daga ciki zuwa waje. A nan ne zanen ke amsa tambayar da ke ba sabon makaniki wahala: wosha ce ke fara shiga ko sifirin?

Na uku, lambobi. Kowane sashe yana da ɗan da'ira da lamba a ciki, da ɗan layi da ke nuna shi. Lambar nan ta cikin zanen ce kawai, ba ita ake kaiwa kasuwa ba.

Na huɗu, jadawalin sassa, wanda ke gefe ko a ƙasa. A nan ake duba lambar da'irar a ga sunan sashen, da guda nawa ake buƙata, da cikakkiyar lambarsa ta kamfani. Wannan cikakkiyar lamba ita ce ake saye da ita. Wani lokaci za a ga an kewaye sassa uku ko huɗu cikin akwati ɗaya ko baka ɗaya an ba su lamba guda. Ma'anarsa a haɗe ake sayar da su, ba a samun ɗaya shi kaɗai. Shi ya sa a wayoyi da dama gilashi da sikirin da firam suke zuwa a dunƙule, kuɗin gyaran ya yi tsada ko da gilashin ne kaɗai ya tsage.

Dalilin da ya sa ake zana shi a karkace

Mai lura zai ga ba a zana irin wannan ta gaba sak ko ta sama sak. A karkace ake yin sa, yadda ido zai ga fuska uku lokaci guda: sama, gaba da gefe. Salon da aka fi amfani da shi ana kiransa aisometirik. A cikinsa layukan tsawo da faɗi da tsayi suna haɗuwa da tazarar digiri 120 a tsakaninsu, wato layukan kwance suna tashi da digiri 30 daga ƙasan takarda. Farfesa William Farish na Jami'ar Kambirij a Ingila ne ya wallafa ƙa'idojinsa a 1822.

Hikimar ita ce, a hoton kyamara abin da ke nesa ƙanƙancewa yake yi. A wannan salo kuwa ba ya ƙanƙancewa. Noti biyu masu girma ɗaya za su fito da girma ɗaya ko da ɗaya na gaba ɗaya na can baya, don haka ido ba ya ruɗewa wajen gwada su.

Akwai wani zane da ake yawan haɗa shi da wannan, wato zanen yanka. A cikinsa ana yanke gefen na'ura kamar yadda ake yanka kankana, a leƙa ciki alhali komai na zaune a wurinsa. Zanen yanka yana nuna yadda na'ura ke aiki. Zanen filla-filla yana nuna yadda aka haɗa ta.

Daga ina ya samo asali?

Matsalar tsohuwa ce: ta yaya mai ƙira zai bayyana wa wanda bai taɓa ganin na'ura ba yadda zai haɗa ta? A 1206, injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50, ciki har da shahararren agogon giwa. Ya sa wa sassa haruffa a cikin zanensa, ya kuma zana waɗansu daban don mai karatu ya ga siffarsu.

Salon jera sassa a kan layi kuwa ya bayyana ne a Italiya cikin ƙarni na 15, a littattafan Mariano Taccola da Francesco di Giorgio, dukkansu mutanen birnin Siyena, sannan Leonardo da Vinci ya kyautata shi. Akwai wani zanensa na wajen 1480 na na'urar ɗaga kaya: a ɓangare guda na takardar ga na'urar a haɗe, a ɗaya ɓangaren ga ƙafafunta masu haƙora an jere su bi da bi. Takardar na cikin kundin Codex Atlanticus da ke ɗakin karatu na Ambrosiana a birnin Milan. Makanikin yau zai gane ta ba tare da an yi masa bayani ba. A 1556 kuma, littafin Georgius Agricola kan haƙar ma'adinai ya riƙa nuna injin a haɗe, sassansa kuma a shimfiɗe a ƙasa kusa da shi, kowanne da harafinsa.

Sunan da Turawa ke kiran zanen da shi yanzu ya yaɗu ne a shekarun 1940. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, an ɗebi dubban matasa da ba su taɓa riƙe sifana ba an ce su gyara jirage da motoci. Dogon rubutu ba zai yi ba, sai zane. Daga nan salon ya shiga kundin kayan gyaran mota da babur da keken ɗinki, har ya kai ga takardar da ke zuwa cikin kwalin fanka.

Yadda kwamfuta ke yin sa yau

A da, mai zane kan shafe kwanaki da fensir da rula a kan zane ɗaya. In injiniya ya canja sashe guda, sai a sake aiki. Abin da ya sauya wannan shi ne zane da taimakon kwamfuta, wanda ake taƙaitawa da CAD. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a MIT ta Amurka, ya nuna manhajar Sketchpad, wadda ake zane da ita a kan gilashin kwamfuta da alƙalamin haske. AutoCAD ta fito a 1982 ta kawo aikin kan ƙananan kwamfutoci, SolidWorks kuma ta fito a 1995 da zanen 3D a kan Windows. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, shi ne babban jirgin fasinja na farko da aka zana gaba ɗayansa a kwamfuta, da manhajar CATIA ta Faransa.

Matakan aikin kusan iri ɗaya ne a duk manhajojin. Da farko ana gina kowane sashe shi kaɗai a siffar 3D, da ainihin ma'auninsa. Sai a buɗe fayil na haɗi a shigo da sassan, a ba su dokoki: wannan noti tsakiyarsa ɗaya da wancan rami, wannan fuska ta kwanta a kan waccan. Da waɗannan dokoki kwamfuta ke sanin dangantakar sassan, har ta iya gano inda biyu suka cinye wa juna wuri tun kafin a ƙera komai.

Daga nan ne ake yin filla-fillar. Mai zane ya zaɓi sashe, ya ja shi ta hanyar da zai fita, ya tsayar da shi a tazarar da yake so. Kowane ja mataki ne, manhajar na adana su bi da bi. Ainihin haɗin bai taɓu ba, wata fuskar kallo ce kawai aka ƙara. Sai manhajar ta zana layukan tsakiya, ta manna lambobi, ta fitar da jadawalin sassa da kanta. In aka kunna matakan daga farko zuwa ƙarshe sun zama bidiyon kwancewa, in aka juya su sun zama bidiyon haɗawa. Bidiyon tallar nan na sabuwar waya daga irin wannan fayil yake farawa, kafin masu ado su ƙara masa haske da launi.

Babbar ribar ita ce komai a ɗaure yake da juna. In injiniya ya ƙara wa noti tsawo a fayil ɗinsa, haɗin da zanen da jadawalin duk za su sauya tare. Sai dai akwai abin da har yanzu ke buƙatar hankalin mutum. Maɓallin da ke tarwatsa sassa da kansa yakan watsa su ta ko'ina, ya sa wani ya rufe wani. Sanin abin da ya kamata a fara cirewa, da tazarar da ido zai iya bi, aikin wanda ya san na'urar ne.

Abin da zanen ba ya faɗa

Zanen filla-filla yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar nan ya lalata wayoyi da yawa.

Ba ya nuna ƙarfin gam. A zane, murfin baya yana tashi sumul kamar marfin tukunya, alhali a zahiri a manne yake, sai an ɗumama shi an bi gefensa a hankali. Ba ya nuna gajartar wayoyin nan masu kama da ribbon da masu gyara ke kira fileks. A iPhone 5s ɗin nan, fileks na maɓallin gida gajere ne, wanda ya ɗaga sikirin da ƙarfi zai tsinka shi, kuma aikin karanta zanen yatsa ya tafi ke nan ko da an sa sabon maɓalli. Haka kuma zanen shi kaɗai ba ya faɗin iyakar ƙarfin da za a ɗaure noti da shi. Duk waɗannan a rubutaccen bayanin matakai ake samunsu, shi ya sa zanen da jagorar suke tafiya tare.

Ba ya kuma nuna yadda lantarki ke gudana. Wayar da ba ta caji saboda wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone a kan bod, taswirar lantarki take buƙata, wadda wani zane ne daban. Sannan a bambance zanen talla da zanen gyara. Na talla an yi shi ne don burgewa, ana iya ɓoye noti da gam da wayoyi don ya yi kyau. Alamar na gyara ita ce lambobi da jadawali. In babu su, hoto ne kawai.

Wa ke riƙe da zanen?

Kowace waya da ke kasuwa tana da irin wannan zane a kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta. Tambayar ita ce wa aka bari ya gani. Shekaru da yawa kamfanoni sun killace shi ga cibiyoyin gyaransu kaɗai. Wannan giɓi ne ya haifar da iFixit a 2003, lokacin da ɗalibai biyu a Kalifoniya, Kyle Wiens da Luke Soules, suka fara rubuta jagororin gyara suna sa su a intanet kyauta. Har yau suna sayen sababbin wayoyi su kwance su, su jera sassan su ɗauki hoto, su ba wayar maki cikin 10 gwargwadon sauƙin gyaranta.

Daga baya dokoki suka shigo. A ranar 1 ga Janairu 2021 Faransa ta wajabta nuna makin sauƙin gyara a kan wayoyi da kwamfutocin hannu da wasu kayan lantarki, kuma samuwar takardun gyara na cikin abin da ake aunawa. A Afrilu 2022 Apple ta buɗe shirin gyara da kai a Amurka, ta sa littattafan gyaran iPhone a shafinta, da zanen filla-filla da jerin sassa a ciki, kowa na iya karantawa ba tare da biya ba. Daga 20 ga Yuni 2025 kuma, dokar Tarayyar Turai ta ce duk wayar da za a shigar kasuwarta sai an tanadi kayan gyaranta na aƙalla shekara 7 bayan an daina sayar da ita, kuma cikin bayanan da dole a ba masu gyara an ambaci taswirar kwancewa ko zanen filla-filla da sunansa.

Dokokin nan na Turai ne, amma takardar da aka sa a intanet ba ta san iyakar ƙasa ba. Mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai iya buɗe littafin da mai gyara a Faris ke buɗewa. Hakan na da muhimmanci a inda yawancin masu gyara wajen ubangida suka koyi sana'a, da gani da yi, kuma sababbin wayoyi ke shigowa da irin ginin da ubangidan ma bai taɓa buɗewa ba.

Yadda mai waya zai ci moriyarsa

Ko wanda ba zai taɓa riƙe sukudireba ba yana da abin ƙaruwa. Kafin a kai waya gyara, a shiga saitin wayar, sashen bayanin waya, a kwafi lambar samfurinta, domin suna kaɗai ba ya isa. Galaxy A32 misali iri biyu ce: mai 4G lambarta ta fara da SM-A325, sikirinta AMOLED ne inci 6.4, mai 5G kuma SM-A326 ce, sikirinta LCD inci 6.5. Suna ɗaya, amma na wannan ba ya shiga waccan. Da lambar sai a nemi jagorar wayar a iFixit ko shafin kamfanin, a duba ko bakin caji a kan ɗan ƙaramin allo yake shi kaɗai, ko kuwa a like yake da babban bod. Amsar ita ce bambancin gyara mai sauƙi da mai tsada, kuma wanda ya san ta ba a cika yi masa ciniki a duhu ba. Haka yake ga mai babur ko janareta: kafireto da aka kwance aka rasa inda ɗan sifirin ya fito, zanen kundin kayan gyara zai nuna.

Wanda zai buɗe waya da kansa kuwa, ya zana siffarta a kan kwali, duk notin da ya cire ya manna shi da salatif a daidai gurbinsa na zanen. Ya ɗauki hoto a kowane mataki. Ya bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, ya fara cire haɗin batir kafin komai, domin batirin lithiyam da aka huda yana iya kamawa da wuta.

Mai sha'awar koyon zanen kansa ba sai ya jira babbar kwamfuta ba. Ya samu biro mai dannawa ya kwance shi, ya ja layi ɗaya a karkace a takarda, ya jera maɓalli da gangar jiki da bututun tawada da sifirin a kai yadda suka fito, ya sa musu lamba, ya rubuta jadawali a ƙasa. Sai ya miƙa wa ƙaninsa sassan da takardar ba tare da ya ce komai ba. In yaron ya haɗa biron ya yi rubutu, zanen ya yi. In ya tsaya yana tambaya, wurin da ya tsaya shi ne wurin da za a gyara.

Bayan takarda sai manhaja. Tinkercad kyauta ce, a burauza take aiki, ta dace da mai fara koyon siffofin 3D. Onshape ma a burauza take, tana da manhajar Android da iPhone, tana da tsarin kyauta ga wanda ya yarda ayyukansa su zama a buɗe ga kowa. Ga mai kwamfuta kuma akwai FreeCAD, wadda ba a biyan ko kwabo, ba ta kuma buƙatar data bayan an sauke ta. Sigarta ta 1.0 da ta fito a Nuwamba 2024 ta zo da sashen haɗa sassa da ke iya fitar da zanen filla-filla. Biron nan da aka zana a takarda ya isa aikin farko a cikinta: sassa huɗu ko biyar, layi ɗaya, da jadawali.